A daina tsorata mu da rabin labari kan waya da ciwon daji

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari. Dan Allah ka ɗan sam min fili a wannan jarida tamu in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a nan Zariya, ba likita ba ne, gara in faɗa tun yanzu kada a ce na shiga gonar da ba tawa ba. Abin da ya sa na zauna rubutun nan (da wayar ma nake yinsa) shi ne, satin da ya wuce gwaggota ta turo wani saƙon murya a guruf ɗin gidanmu na WhatsApp, wani bawan Allah ne da bai ko faɗi sunansa ba, ya ƙanƙance murya kamar mai sanarwar rasuwa, wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar waya na sa kansar ƙwaƙwalwa, wai duk mai kwana da waya a ƙarƙashin filo ya kuka da kansa, a ƙarshe kuma ya ce a tura wa mutum goma. Kafin la'asar gwaggo ta bi ɗaki ɗaki ta kwashe wayoyin yaran gidan ta zuba a wata tsohuwar langa ta rufe. Kwana biyu da yin haka sai ga wani a bakin kasuwa da 'yar lasifikarsa yana tallan wata sitika mai ƙyalli, wai in ka manna a bayan waya tana zuƙe rediyeshon, kuma wallahi mutane na saye.

Mu dai mun saba da irin wannan. Tun da waya ta shigo Najeriya a 2001 ba mu huta ba. A 2004 aka ce akwai lambar da in ka ɗaga sai ka faɗi matacce, a 2011 aka sake dawo da ita da sabuwar lamba har sai da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fito ta ƙaryata, a 2020 kuma aka ce 5G ce ke kawo korona, a Ingila har ƙona ƙarafunan sabis aka riƙa yi, alhali mu a nan ma ba a fara 5G ɗin ba sai 2022. Amma fa maganar waya da ciwon daji ba irin waɗancan ba ce, kada a haɗa su a kwando ɗaya. Wannan tambaya ce ta gaske wadda masana suka kashe shekaru kusan talatin da maƙudan kuɗi a kanta, kuma akwai amsoshi, matsalar ita ce rabin amsar kawai ke isowa gare mu, rabin da ya fi ban tsoro.

Bari in fara da ɓangaren da na sani. Waya tana magana da ƙarfen sabis ne ta igiyoyin rediyo, 'yan uwan waɗanda ke kawo mana labaran safe a akwatin rediyo. Tsofaffin layuka suna aiki a kan 900 da 1800 megahaz (ma'aunin saurin kaɗawar igiya ke nan), 5G ɗin da aka yi gwanjonta a nan ƙarshen 2021 tana kan 3.5 gigahaz. Hasken fitila da kake gani da idonka ya ninka wannan fiye da sau dubu ɗari. Kalmar rediyeshon ita ke ruɗa mutane, don suna jinta sai hankalinsu ya tafi kan na'urar hoton ƙashi ta asibiti ko bam ɗin nukiliya. Waɗancan suna da ƙarfin da za su karya sinadarin gado da ke cikin ƙwayar halitta, daga nan ne ciwon daji kan samo asali. Igiyar waya ba ta da wannan ƙarfin. Yadda nake gaya wa ɗalibaina, harsashi ɗaya ya isa ya huda garu, amma ko yaran unguwa duka za su taru su wuni suna jifan garun da curin auduga ba za su huda shi ba. Abin da aka tabbatar igiyar waya na yi wa jiki shi ne ɗan ɗumama nama, kaɗan ƙwarai, kuma zafin nan da kake ji a kunne in ka daɗe kana waya yawancinsa na batir ne da kuma toshe iska da wayar ta yi.

Saboda ɗumamar nan ne aka sa iyaka, ana ce mata SAR, wato yawan ƙarfin da jiki ke sha. A Amurka 1.6 wat ne a kowane kilo, a Turai 2, wannan ga kai ke nan. Kuma ba a takarda kawai take ba, a watan Satumba na 2023 Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 don sun auna sun samu 5.74 a gwajin riƙewa a hannu ko sawa a aljihu inda iyakar take 4, sai da kamfanin ya gyara manhajar wayar. Ka riƙe wannan Edita, zan dawo kansa.

To ina mai saƙon muryar ya samo maganar Hukumar Lafiya? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Hukumar tana da wani reshe a birnin Liyon na Faransa mai suna IARC, aikinsa tantance abubuwan da ke iya jawo ciwon daji. A watan Mayu na 2011 masana 31 daga ƙasashe 14 suka zauna suka sa igiyoyin rediyo irin na waya a rukunin da suke kira 2B, ma'ana "mai yiwuwa". Ba su ce sun tabbatar ba. Rukunan nan ba girman haɗari suke aunawa ba, ƙarfin hujja suke aunawa. Kamar a gaban alƙali ne, rukuni na 1 shi ne ɓarawon da aka kama da kaya a hannu, 2A wanda shaidu suka yi masa yawa, 2B kuwa shi ne wanda aka ce an ga wucewarsa ta layin a daren da aka yi satar, ba a ɗaure shi ba kuma ba a ce ya tafi gida ba tukuna. Yanzu ka ji su wa ke saman waya a wannan jerin. Jan nama yana 2A, wato tsirenmu da balangunmu. Abin sha mai tsananin zafi da ya haura digiri 65 shi ma 2A, a gaya wa masu kurɓar shayi yana tururi a teburin mai shayi. Aikin dare 2A. A rukuni na 1 kuwa akwai taba da giya, da hayaƙin dizal, da gubar nan ta fumfuna da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba, da ƙwayar cutar hanta nau'in B wadda ta yi mana katutu a ƙasar nan. Ban taɓa jin an turo saƙon murya a tura wa mutum goma a kan gyaɗa mai fumfuna ba.

Abin da ya sa suka ce "mai yiwuwa" shi ne wasu bincike biyu, na wani likita ɗan Suwidin mai suna Lennart Hardell, da kuma wani babba da ake kira Interphone wanda aka yi a ƙasashe 13 aka fitar da sakamakonsa a 2010. A nan nake so a ɗan tsaya don nan ne gizo ke saƙar. Yadda suka yi shi ne, a nemo dubban masu ƙari a ƙwaƙwalwa, a nemo wasu masu lafiya sa'anninsu, a tambayi kowa tun yaushe kake waya, minti nawa a rana, da wane kunne. A jimlace ba a ga ƙarin haɗari ba. Hasali ma lissafin ya nuna wai masu amfani da waya sun fi marasa amfani da ita tsira, abin da su kansu masu binciken ba su yarda da shi ba, suka ce alama ce ta akwai tangarɗa a yadda aka zaɓo mutanen. Sai a can ƙololuwa, kashi goma cikin ɗari da suka fi kowa yawan kira, waɗanda suka tara awa 1,640 ko fiye, aka ga ƙarin kusan kashi 40 cikin ɗari na wani nau'in ƙari. Awa 1,640 fa kamar rabin awa ne kullum har shekara goma, wanda samarinmu na zamanin kiran dare kyauta sun shanye wannan tun tuni, don haka ba abin da za a yi wa dariya ba ne. Amma ka tambayi kanka Edita, in na ce ka gaya min minti nawa kake yi a waya kullum shekara takwas da suka wuce, za ka iya? Balle mutumin da aka gaya masa yana da ƙari a gefen dama, yana kwance yana neman dalilin abin da ya same shi, ai da wuya bai ce da kunnen dama yake waya ba, kuma zai ga kamar ya fi haka yawan kira. A cikin amsoshin har da waɗanda suka ce suna fin awa 12 a waya kullum. Shi ya sa masu binciken suka ce ba za a iya yanke hukunci da wannan ba.

Daga nan sai aka koma wata dabarar da ta fi wannan, a ɗauki mutane tun suna lafiya a rubuta yadda suke amfani da waya sannan a bi su shekara da shekaru a ga wa zai kamu. A Denmak sun bi masu layi sama da 350,000, ba su ga bambanci ba, duk da an soki binciken da cewa bai ƙirga masu layin kamfani ba waɗanda a lokacin su ne manyan masu kira. A Birtaniya an bi mata kusan 776,000 na tsawon shekara 14, aka fitar a 2022, nan ma babu, sai dai su ma an ce ai dattawan mata ne ba su cika dogon kira ba. Sai wani mai suna COSMOS da aka tsara musamman don toshe waɗannan ɓarakar, mutum sama da 250,000 a ƙasashen Turai biyar, har da duba bayanan kira daga kamfanonin waya don kada a dogara da tunanin mutum kawai, a 2024 suka ce waɗanda suka fi kowa kira ba su fi sauran kamuwa ba. A shekarar dai, wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sa aka yi ƙarƙashin jagorancin hukumar kula da rediyeshon ta Ostireliya ya tattara bincike 63 daga 1994 zuwa 2022, ya ce babu alaƙa tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa ko ga wanda ya shekara goma ko fiye yana amfani da ita. Wannan labarin bai iso guruf ɗin gidanmu ba, na 2011 ne har yau ke yawo.

Ni hujjar da ta fi kwantar min da hankali ma mai sauƙi ce. Ƙasashe irin su Suwidin da Denmak da Ostireliya da Amurka suna rubuta masu kamuwa da ciwon daji tun kafin a san waya. An tashi daga babu mai waya zuwa kowa na da ita, in da tana haddasa ciwon yadda ake faɗa da tuni alƙaluman sun yi tsalle kamar yadda kansar huhu ta bi bayan taba, amma layin a kwance yake.

Kada a ce na ɓoye wani abu, akwai maganar ɓeraye. Gwamnatin Amurka ta kashe kusan dala miliyan 30 a wani gwaji da aka kammala a 2018, aka riƙa haska wa ɓeraye igiyoyin 2G da 3G a duk jikinsu awa tara kullum har shekara biyu, tun suna ciki, da ƙarfin da mafi ƙanƙantarsa ya kai iyakar da aka yarda wa ɗan Adam, mafi girmansa kuma ya ninka ta huɗu. An samu wani ƙari a zuciyar wasu daga cikin mazan, wata cibiya a Italiya ma ta ga irinsa. Amma ba a ga hujja irin wannan a matan ba, kuma abin mamaki mazan da aka haska ɗin sun fi waɗanda ba a haska ba tsawon rai. To ka ga irin sakamakon da ke sa masani ya dafe kai. Shi ya sa ba a rufe fayil ɗin ba, kuma masu ba IARC shawara sun ce a sake zama a kansa. Ni ban ga laifin wannan ba, haka ilimi ke tafiya.

Sai wadda maza ke tambayata a ɓoye bayan an watse, wai waya a aljihun wando na hana haihuwa? Wani bincike a Suwizalan a 2023 kan samari kusan 2,900 masu shiga aikin soja ya ga waɗanda ke taɓa waya fiye da sau 20 a rana maniyyinsu ya ɗan fi ƙarancin ƙwayoyi, amma bai ga ruwan aljihu a ciki ba, kuma bambancin ya yi ta raguwa da aka tashi daga 2G zuwa 4G. Mai yawan danna waya kuma sau da yawa shi ne mai yawan zama da ƙarancin barci, raba waɗannan da juna ba ƙaramin aiki ba ne.

Yanzu maganar ƙarfen sabis, wadda ta haɗa maƙwabta faɗa a unguwanni da dama. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, wayar da ke manne da kunnenka ita ce ke ba ka kaso mafi yawa, ba ƙarfen da ke can sama ba, don ƙarfin igiya na raguwa da sauri in aka yi nisa, ka ninka tazara biyu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma waya kamar mutum take, in wanda kake kira yana kusa a hankali za ka yi magana, in yana can ƙarshen gona sai ka ɗaga murya. Idan sabis ya cika wayar rage ƙarfinta take yi, in ya koma sanda ɗaya sai ta ƙure. Ke nan ɗan uwanmu na ƙauye da ke hawa tudu yana neman sabis wayarsa ta fi ta ɗan birni da ke kusa da ƙarfe yin aman igiyar. Sitikar nan ta bakin kasuwa ma in ta yi wani aiki to tare sabis ne, wayar ta ƙara ƙarfi, hukumar kare masu saye ta Amurka ta daɗe da gargaɗi a kan irinta. Ba ina cewa zama kusa da ƙarfen sabis daɗi ne da shi ba, na zauna a gidan haya da ke jikin wani na shekara uku, janareto ba dare ba rana, ƙara ta hana barci, hayaƙi na shigowa ta taga, baƙin mai na tsiyaya har muka fara tsoron rijiyar gidan. Ka tuna hayaƙin dizal rukuni na 1 yake. Amma duk taron da aka yi a ƙofar gidan mai unguwa kan rediyeshon aka yi shi, babu wanda ya ɗaga maganar janareton, an bar jaki ana dukan taiki.

Inda ni nake da damuwa ta gaske shi ne nan gida. Cikin ƙasashe 13 na Interphone babu ƙasar Afirka ko ɗaya. Su Faransa suna ɗauko waya daga kanti su kai ɗakin gwaji su auna, mu kuma kasuwanninmu cike suke da wayoyin da ba a san ma kamfanin da ya yi su ba, ga na hannu da aka buɗe aka canza musu kaya sau ba adadi. NCC tana da tsarin amincewa da nau'in waya kafin a sayar, to a riƙa shiga kasuwa ana ɗauka ana aunawa mana, a buga sakamakon kowa ya gani. Akwai malamai a jami'o'inmu da ke yawo da na'ura suna auna igiyoyi a gindin ƙarafunan sabis, amma abin da suka samu yana kwance cikin mujallun Turanci da ba mai karantawa sai mai neman ƙarin girma. Sannan rajistar masu ciwon daji, Ibadan na da tata tun 1960, amma mutum nawa ne a karkararmu ke rasuwa da ciwon kai mai tsanani ba a taɓa yi musu hoton ƙwaƙwalwa ba balle a rubuta? Hujjar nan da na ce ta fi kwantar min da hankali aro muka yi daga masu rubutawa.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, abin yi ba ya cin ko sisi. Ka sa iyafis ko ka buɗe sifika, ɗan nisan nan na tafin hannu ya rage abin sosai. Kada ka yi doguwar hira in sabis na sanda ɗaya. Yara a rage musu, wannan ko ba don rediyeshon ba. Ni in za a tambaye ni inda waya ke kashe mutane a gabanmu, to ga ɗan acaɓa ya cusa ta cikin hula yana hira yana ratsa motoci, ga direban bas da fasinja sha takwas yana duba saƙo a kan hanyar Kaduna, ga caja mai araha da ake kwana da ita a jone a kan katifa, ga ɗalibaina da ke gyangyaɗi a aji don sun raba dare suna kallon bidiyo.

Roƙona gare ku 'yan jarida, in za ku kawo labarin irin wannan bincike ku riƙa gaya mana a kan mutane aka yi ko ɓeraye, mutum nawa, shekara nawa aka bi su, wa ya biya kuɗin, kuma "mai yiwuwa" aka ce ko "an tabbatar", don a Hausa ma ai ba ɗaya ba ne. Ku tura wakilinku ya samu malaman fiziks da likitocin ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Zariya ko Kano ko Sakkwato ya yi hira da su da Hausa, in da hali ya bi masu awon nan zuwa gindin ƙarfe ɗaya ko biyu a ga abin da na'urar za ta nuna.

Gwaggo dai ta buɗe langar bayan na je har gida na zauna na yi mata bayani, ta mayar wa kowa wayarsa, amma ta kafa doka ba mai shiga ɗakin kwana da ita bayan isha'i, ni kuma ban ce mata komai ba a kan wannan. Ta ce in turo mata bayanin a murya ta tura guruf, na yi na minti bakwai, har yau mutum biyu ne suka saurara.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani malamin makaranta, daga Zariya.